Lemo Bakwai a Cikin Leda

4 ga Afrilu

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, 'yar yayata mai sunan uwata, ina fatan kina lafiya, ke da tsofaffin da kike yi wa wanka a gidan kula da su. Mu nan da sauƙi. Ƙafata ta hagu ta daina kumburi, kunnena kuwa kullum baya yake yi, sai mutum ya tsaya a gabana ina kallon bakinsa. Innarki tana cin abinci, hawan jinin ya sauka. Har yanzu ba a maido da layin waya a yankin nan ba, don haka direban motar kaya ne zai fita da wannan ya jefa mini a gidan waya.

Ranar Lahadi muka cika shekara biyu a ciki da falon nan. Yaya, innarki ke nan, tana ciki, ni ina falo tare da akwatunanta uku da ta hana a kwance igiyarsu, wai kwancewar me, ba gobe za mu koma ba? A gindin taga kuma dashen lemon nan suna jere cikin baƙar leda. Sha biyu yayanki Dogo ya miƙo mata cikin mota ranar da muka gudu, ya ce ta riƙe masa, zai rufe lambu ya biyo mu jibi su dasa tare. Jibin ke nan har yau. Saura bakwai, su ma ganyensu ya fara rawaya, saiwa ta huda ledar ta fito tana lalube a kan siminti. Matar da muke haya a gidanta, Allah ya saka mata, ta nuna mana ɗan fili a bayan famfo inda ruwa ke bi, ta ce mu dasa. Yaya ta ce wanda ya aura su, ya haɗa reshe da reshe da wuƙar ubansa, shi zai sa su a ƙasa, kuma a lambunsu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wani mai wa'azi ya bayyana cikin 'yan garinmu da ke nan, ana ce masa Mai Ƙararrawa don da ita yake zagaya unguwa. Ya ce an nuna masa kafin damina ta raba tsakiya kowa zai kwana a ɗakinsa, waɗanda suka ɓata kuma suna can ƙofar gida suna jira. Ya shirya motoci uku. Innarki ta ba da sunanta. Direbobin da suka san hanyar sun ce mini daga gadar ƙarfe zuwa gaba an binne nakiyoyi, masu bindigar kuma ba inda suka je.

Kin san abokan zamana, annabawan Ibraniyawa. Shekara arba'in ina tsayawa gaban jama'a ina karanta su, har na sa musu laƙabi kamar maƙwabta. Na ɗauko mata labarin Mai Kuka, wanda ya aika wa mutanensa da aka kwasa zuwa baƙuwar ƙasa da wasiƙa, ya ce su daina sauraron masu cewa saura ƙiris, zaman mai tsawo ne, su yi gini su yi shuka a inda suke, Ubangiji bai manta da su ba amma ba da agogonsu yake aiki ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Shi Mai Kukan naka yana da ɗa?" Ba shi da ɗa, Uwata. Na rufe littafin na tafi ɗebo ruwa.

Ni ƙaninta ne, ita ta goya ni, maganata a kunnenta ta yaro ce duk da furfurar nan. Ke take ji. Ki rubuto ki ce mata ta zauna.

Kawunki

9 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Wasiƙarka ta yi wata guda a hanya. Ina lafiya, sai ciwon baya na ɗaga mutane, wanda kowa a aikin nan yake fama da shi. Na san halinka, kai da ka taɓa karanta sanarwa a coci har da sunan maɗaba'ar da ta buga takardar, jama'a na dariya kana ci gaba abinka. Shi ya sa na sa takarda biyu. Wannan ta farko ka karanta wa Inna. Ta biyu taka ce kai kaɗai, ka karanta a ɓoye.

Inna, 'yarki ce. Na gaishe ki, na ƙara gaishe ki. Don Allah, don nonon da na sha, kada ki shiga motar nan. Na kai sunan Yaya Dogo da hotonsa ofishin da ke neman mutanen da suka ɓata, sun karɓa sun ce za su bincika. Ki ba su lokaci. In wani abu ya same ki a hanya, wa zai tarar in ya zo? Ki zauna, ki riƙa shan maganinki.

Takarda ta biyu

Kawu, na yi abin da ka ce, amma zuciyata ba ta wajen. Kullum da safe ina juya wani tsoho mai shekara casa'in da ya manta sunansa, ina shafa masa mai a baya kada ya yi gyambo. 'Ya'yansa ba sa zuwa, shi kuma kullum roƙon mutuwa yake yi ta ƙi zuwa. Yayana mai shekara talatin da ɗaya, wanda in ya taɓa busasshen reshe sai ya yi toho, shi ne aka rasa. Ka ce mini akwai mai riƙe da wannan tsarin? Na daina zuwa coci tun bara, ban dai gaya muku ba ne.

Kuma ka gafarce ni, shekara biyu me muka yi? Kai kana karatu, ni ina cike takardun ofis, Inna tana ba leda ruwa. Ba wanda ya taka ƙafa ya je ya leƙa ko da ƙofar lambun. Mai Ƙararrawan nan ko da mahaukaci ne, shi dai ya miƙe tsaye. Wallahi da ina kusa da ni ce ta farko a motar, ko gawarsa ce in je in gani in san inda take. Annabawanka sun iya cewa a jira, su da suka mutu tun tuni ba abin da ke cin ransu.

Kada ka ji haushina. Ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

'Yarka

28 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Ina lafiya. Tsohon da na ba ka labari ya samu abin da yake roƙo ranar Talata, yanzu wata tsohuwa ce a gadon, mai cizo, ta riga ta sa mini hatimi a hannu.

Sati bakwai ke nan ba amsa, kuma na san dalili. Na taɓa maka annabawa ka yi fushi. Haba Kawu! Kai da muka zauna a kan tabarau ɗinka muna yara ka ce dama ya ishe ka, yau don na yi wa Mai Kuka rashin kunya za ka ɗauke mini wuta? To na tuba, ka ba shi haƙuri a madadina. Ranar da na rubuta takardar nan na gaji ne, na yi aikin mutum biyu.

Na ɗauki shirun nan a matsayin lafiya, don na san da wani abu ya faru da ka nemi hanya ko ta yaya. Na saya wa Inna takalmi mai laushi, ina jiran mai zuwa wajenku. Ka gaya mata na yi mafarkinta tana tsefe mini kai tana faɗa wai na bar shi ya cukurkuɗe. Lemo nawa suka rage?

'Yarka

11 ga Yuli

Uwata,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya. Wasiƙarki ta iso jiya. Ba fushi na yi ba. Sau biyu na rubuta, sau biyu direban yana dawo mini da ita don an rufe hanya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Innarki ta shiga motar ranar biyu ga Yuni. Har yau ban san inda take ba.

Zan gaya miki yadda aka yi ba tare da na gyara kaina ba. Direban ya kawo ambulan ɗinki da hantsi ina bakin famfo, Yaya ce ta karɓa. Ba ta karatu, amma ta buɗe, yatsunta suka ji takarda biyu. Na karanta mata ta farko, ta yi hawaye, ta ce tunda 'yar nan ta haɗa ni da nono, na fasa. Ta fasa, Uwata, da kunnena marar kyau na ji. Na ninke takardun zan sa a aljihu, sai ta ce, "Ɗayar fa?" Na ce tawa ce. Ta ce, "Ciki ɗaya muka fito da kai, 'yar kuma ni na yi naƙudarta. Karanta."

Da wani ne, da ya dubi takardar ya ƙirƙiro layi uku a kan ciwon baya ya wuce wurin. Na buɗe baki zan yi haka, harshena ya ƙi. Ranar da aka ɗora ni a kan karatun coci, tsohon da ya koya mini ya sa na yi alkawari ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, ko da abin da ke takardar zai sa a jefe ni. Ban taɓa koyon wata hanyar karatu ba. Na karanta mata duka.

Ta bar maganar coci ta wuce. Da na kai inda kika ce da kina kusa da ke ce ta farko a mota, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Ashe ta farkon ta lallashi ce, ta biyun ce zuciyarta. 'Yata ce wannan." Na ce mata gajiya ce ta sa ki, na roƙe ta, na durƙusa, ranar tafiyar har takalminta na ɓoye. Ta sa silifas ɗin wanka ta fita. A bakin ƙofa ta ce in riƙa ba dashen ruwa, za ta je ta taho da mai su.

Motar gaba ta taka nakiya da wucewarta gadar ƙarfe, sannan aka buɗe wuta daga daji. Mai Ƙararrawa yana kujerar gaba, shi ne na farkon mutuwa. Yaya tana mota ta biyu. Mutum sha tara daga cikinta sun dawo a ƙafa, ba ta cikinsu. Na je na duba gawarwakin da aka kawo ɗaya bayan ɗaya, ba ta cikinsu. Wata mata ta ce ta gan ta ta nufi wajen kogi tana jan ƙafa. Kullum ina zagaya asibitoci da hotonta.

Kin tambayi lemo. Saura biyar.

Kawunki

30 ga Yuli

Kawu,

Ba zan tambayi ƙafarka ba yau, ka yi haƙuri, ba ni da bakin gaisuwa.

Layi ɗaya na roƙe ka. Na raba takarda, na rubuta maka a sarari cewa taka ce kai kaɗai. Tsohon da ka yi wa alkawari ya zama ƙasa tun kafin a haife ni, uwata kuwa tana zaune a gabanka da ranta, ta ce ta fasa, ka zaɓi tsohon. Ka kiyaye tsabtar bakinka, sannu da ƙoƙari.

Na rubuta wannan na yage sau uku, don duk inda na juya yatsan kaina yake nunawa. Ni na rubuta. Na san wanda nake aika wa, na san ba ya iya tsallake ko waƙafi, na kuma zuba masa abin da ke cikina don in ji sanyi. Ina can ina sayen takalmi mai laushi, ita tana daji da silifas ɗin wanka. Takalmin yana nan a ƙarƙashin gadona, ba na iya kallonsa.

Na nemi hutu sun ba ni, amma ba jirgi ba mota zuwa wajenku, an ce sai an buɗe iyaka. Don haka ina nan ina ba tsohuwar wasu abinci a baki.

Kai ne mai karatu, ka amsa mini. Wa ya jefa Inna a hanyar nan? Ni, ko kai, ko mai ƙararrawar, ko Wanda kake cewa komai a hannunsa yake? In komai a hannunsa yake, to shi ya riƙe birona, shi ya kai yatsunta kan takarda ta biyu. In kuwa ba a hannunsa yake ba, me kuke rera masa duk Lahadi? Kada ka aiko mini da aya. Da bakinka nake so.

'Yarka

18 ga Agusta

Uwata,

Gaisuwa, kuma kafin komai: Innarki tana da rai. Masunta ne suka tsince ta a bakin kogi suka haye da ita wani ƙaramin asibiti, ta yi sati shida a can ba ta magana, ba wanda ya san ko wace ce. Da bakinta ya buɗe aka maido ta babban asibitin nan. An yanke ƙafar dama daga gwiwa. Ƙirjinta ya kama, likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, kada mu sa dogon rai. Tana gane ni, tana tambayarki. Abin da take ta maimaitawa shi ne saura tafiyar awa biyu ta kai gida, Dogo yana can yana jira, da ta warke za ta sake gwadawa ko da sanda.

Abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne, ban goge ko kalma ba. Tun ranar ban ƙara tsayawa gaban jama'a ba, na ce su nemi wani.

Kin ce da bakina. To, ba ni da amsar da za ta cika miki ciki. Ke kika rubuta, ni na karanta, mutumin nan ya kira, ita ta tashi, wasu kuma suka haƙa rami suka binne nakiya. Kowa da hannunsa a ciki, kuma ba zan ɗauki nawa in rataya wa Ubangiji ba. Abin da na koya wajen maƙwabtan nan nawa, annabawa, shi ne ba su taɓa kiran masifa da wani suna mai daɗi ba, sun kuma nuna laifin kowa da yatsa, har na sarki. Amma ba su yarda cewa duniya ta ƙwace daga hannun Mai ita ba. Yadda biyun nan suke zama a ɗaki ɗaya, ban sani ba. Akwai wanda nake kira Mai Gardama, shi tambayarki ya yi, har ya fi ki zafin baki, ya hau saman ganuwa ya ce ba zai sauko ba sai an amsa masa. Amsar da ya samu ba ta da daɗi, an ce masa abin da ke tafe ya fi wanda ya gani muni. Ya sauko ya ce ko itace bai yi 'ya'ya ba, ko garke ya zama fanko, shi dai ba zai saki ba. Ke ma gardamar kike yi, kuma ba a gardama da wanda babu.

Mai Ƙararrawa ba ɗan damfara ba ne, na yi masa mugun zato. Matarsa da 'ya'yansa uku suna cikin waɗanda suka ɓata. Muryar kewarsa ya ji ya ɗauka ta Ubangiji ce, ya sa mata rana da wata. Mai Kuka kuwa ranar da ya ba mutanensa ta wuce tsawon ran masu sauraronsa. Duk da haka, yana tsare, maƙiya sun kewaye birni, ya sayi gona, ya sa takardar a tukunyar ƙasa don ta daɗe. Bai taɓa noma ta ba. Da ina yaro na ɗauka wauta ce. Yanzu ina tashi da safe in ba ledoji ruwa kafin in tafi asibiti, ina tuna shi.

Biyu sun ƙara bushewa, ledar ta yi musu kaɗan. Saura uku.

Kawunki

6 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Na gode Allah da aka ga Inna, na faɗi haka da bakina kafin in tuna ina fushi da shi. Ka yafe mini maganganun da na yi maka. Yaya ƙafarka?

Takarda ɗaya ce yau, kuma taka ce. Ka karanta a waje ka yage, kada ka shiga asibiti da ita.

Ofishin neman mutane sun kira ni shekaranjiya. An tono wani rami a bayan makarantar garinmu, mutum talatin da wani abu a ciki. Sun nuna mini hotunan kayan da aka samu a jikin kowa. A na sha huɗu na ga wuƙar Baba, wadda yake auren itace da ita, da jar wayar nan da ya naɗe ƙotar da ita lokacin da ta tsage. Tana cikin aljihun wando, tare da makullin lambu. Sun gwada jinina, ya dace. Sun ce tun makon farko ne, Kawu. Tun kafin ku gama sauke kaya a ɗakin hayar nan.

Na zauna a gaban matar ofishin na kasa kuka, sai tambayarta nake yi ko ya kulle lambun. Ya kulle, tunda makullin na jikinsa.

Ga roƙona, kuma a karon nan ka ji ni. Likita ya ce kwanakinta kaɗan ne. Ka bar ta ta tafi tana ganin yana can yana jiranta. Wa zai cutu? In ta tambaya ka ce ban rubuto ba, ko ka ce ana nan ana bincike. Ƙarya ɗaya a shekara arba'in, in da zunubi ni na ɗauka. Kada ka karanta mata wannan.

'Yarka

29 ga Satumba

Uwata,

Ina gaishe ki, ina yi miki gaisuwa biyu, ta yayanki da ta mahaifiyarki. Yaya ta rasu ranar Alhamis da hantsi, ina riƙe da hannunta. Mun binne ta a nan. Ba ta sha wahala a ƙarshen ba.

Wasiƙarki ta same ni a ƙofar asibiti ranar Litinin. Na karanta a gindin bishiya inda masu jinya ke shanya, na daɗe a zaune. Na kama ta zan yage, na kasa, don sunan Dogo na ciki kuma ba shi da wani kabari da zan iya zuwa. Na sa a aljihu, na wanke fuska, na shiga da niyyar yin abin da kika ce. Na shirya ƙaryar tsaf, har na gwada ta a bakina a kan matakala.

Tana ganina ta ce, "Wasiƙa ta zo." Ba tambaya ta yi ba. Na ce ta zo, 'yarki tana gaishe ki, ana nan ana bincike. Ta dube ni da irin kallon da take yi mini in na saci suga muna yara, ta ce, "Fito da ita." Na fito da ita na fara, na karanta gaisuwar, da na kai tsakiya na tsaya ina neman inda zan tsallaka in sauka. Sai ta ɗora hannu a kan gwiwata ta ce, "Ƙanena, shekara arba'in ba ka tsallake wa kowa layi ba. Kada ka fara a kaina."

Na karanta mata duka, har da inda kika ce kada in karanta. A nan ta ɗan yi murmushi ta ce kin gaji ubanki wajen son rufa-rufa. Ban sani ba ko daidai na yi. Na dai san mutum ɗaya ya riga ya gaya mata Dogo yana ƙofar gida yana jira, abin ya ci ƙafarta, kuma tana kwance tana shirin sake tashi. Ban so in zama na biyu ba.

Mai ba da magani ta zo ta wuce. Sannan Yaya ta ce, "Makon farko suka ce?" Na ce makon farko. Ta ce, "Ashe shi bai sha jira ba. Mu muka sha." Ta yi kuka, na yi, matar gadon kusa da mu ma ta taya mu ba ta san kowa ba. Da ta natsu ta ce Wanda ya ba ta shi ya san inda yake kwance tun ranar, ita ce ba ta sani ba, kuma in sun haɗu tana da tambayoyi. Na ce za ta tarar da layi.

Can ta ce, "Nawa suka rage?" Na ce uku. Ta ce, "Je ka cire su daga ledar nan, sun gaji."

Na tafi a ranar. Matar gidan ta ara mini fartanya, na haƙa rami uku a bayan famfo. Da na yanke ledojin na tarar saiwar ta naɗe kanta ta dunƙule kamar ƙwallon zare, sai da na bi da yatsa ina warwarewa a hankali yadda na ga mahaifinki yana yi. Na koma asibiti ban wanke hannu ba don ta gani. Ta kama tafina ta kai hanci, ta shaƙi ƙasar ta ce ba ta kai ta gida ba, amma za ta yi. Ta ce na kusa da bango na Dogo ne, na tsakiya naki, na ukun na duk wanda ya zo haya bayanmu. Ta ce in kwance igiyar akwatunan, zannuwan naki ne.

Ba zan ce miki sun kama ba. Biyu sun zubar da ganye, ɗayan yana tsaye bai ce komai ba. In sun rayu sai sun shekara huɗu kafin su yi 'ya'ya, ni kuwa kin san shekaruna. Ina ba su ruwa safe da yamma. Ranar Lahadi na koma karatu, don wanda suka sa a madadina yana haɗiye rabin kalmomi.

In an buɗe iyaka ki zo, ki taho da takalmin, matar gidan nan ƙafarsu ɗaya da Yaya. Kafin nan ki riƙa rubutowa, kuma ki daina raba takarda, ki zuba duk abin da ke ranki a guda ɗaya, har da faɗan da kike yi da Ubangiji. Ba wanda zan karanta wa yanzu. Amma ki sani da ƙarfi zan karanta, a falo, tun daga kwanan wata har sa hannu. Na saba.

Kawunki